Kalmar Fasasshen Sabulu

Shekara ashirin da shida na yi ina dafa shayi da share ofisoshi a kamfanin sabulu. Duk wanda ya ce muku mai shara ba ta san komai ba, ku tambaye shi wa yake kwashe masa kwandon takardu. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma kunnena bai tsaya ko'ina ba. In tire yana hannuna babu ƙofar da ba na turawa, kuma babu mai rage murya don ya gan ni. Wa zai rage murya don buta ta shigo ɗaki?

Wanda zan ba ku labarinsa shi ne babban akawunmu. A gaban idonsa Yallaɓai ne. Da ya ba da baya kuma sai ya koma Jan Biro, saboda jajayen biro uku da yake jerawa a aljihun gaba kamar lambar yabo. Gajere ne, ga ɗan tumbi, yana tafiya kamar ƙasa ce ta roƙe shi ya taimaka ya taka ta. Ko takardar neman hutu ka kai masa sai ya lalubo inda zai ja layi, ya rubuta gyara a sama, sannan ya sa hannu a gefe da kwanan wata, wai kada wani ya ci yabon gyaransa. Hannunsa ne yake yi, ba sai ya yi shawara da kansa ba. Na taɓa ajiye kwalin sukarina a teburinsa na je ɗauko cokali. Kafin in dawo ya gyara rubutun jikin kwalin. Ya sa hannu. Da kwanan wata.

Aikin da ya fi ƙauna a duniya shi ne rubuta takardar sauke mutum daga matsayinsa. Ranar da irin wannan aiki ya faɗo, shayi kofi biyu yake sha. Yana da wani ɗan baƙin littafi da ya tara kalmomin Turanci a ciki, dukansu na rage wa abu daraja ne, kowace da shafinta. Sai ya kira mai buga mana takardu, wadda har yau muke ce wa Tafireta ko da yake injin ya daɗe da komawa kwamfuta, ya tsayar da ita a gaban tebur, ya buɗe littafin yana lasar yatsa.

"Ke tsohuwa, ajiye tiren nan ke ma ki ƙaru," haka yake ce mini. "Ku da Hausarku komai 'an rage masa', 'an sauke shi', shi ke nan kun gama. Shi kuwa Bature kowace faɗuwa da sunanta."

"To, ranka ya daɗe."

"Ma'aikaci in za a sauko da shi, dimot. Kuɗin ƙasa in ya zube, dibaliyu. Ƙungiyar ƙwallo in an kora ta rukunin ƙasa, relaget. Motar kamfani in tsufa ya cinye ta, difirishiyet. Sabulun da ya fashe a inji, wanda ake durawa a buhu a jibge bayan sito, shi ne dawungired. Wannan ta kaya ce. Kin ji ko? Ta kaya. Ba a yi wa ɗan Adam ita. Duk wanda ya rubuta wa mutum ita, to bai shiga makaranta ba, ta bayan taga ya wuce."

Wannan karatu na sha shi ya fi sau ɗari, har na haddace ba da niyya ba. Wata rana na ce masa, "Ranka ya daɗe, na ɗagawa fa? Su guda nawa ne a littafin?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ba littafinsu ba ne wannan."

Ban taɓa ganin ɗayan littafin ba.

Akwai kuma dokar da shi da kansa ya tsara, aka buga ta a littafin ƙa'idojin kamfani, hedikwata ta sa mata hatimi. Dokar ta ce takardar saukewa ba ta fara aiki sai sa hannun mai ita ya hau, ko a littafin karɓar takardu na masinja, ko a jikin takardar kanta. Na ga ranar da ya kama wani direbanmu da ita. Bawan Allah ya karanta tasa, ransa ya ɓaci, ya rubuta "ban yarda ba" a ƙasa da manyan baƙaƙe, ya sa hannu don a san shi ne bai yarda ba. Jan Biro ya ɗaga takardar sama yana ƙyaƙyata dariya har tumbinsa na rawa.

"Sa hannu sa hannu ne, malam! Ko zagina ka rubuta, ka karɓa."

A ranar nan direban ya koma wanke motoci. Da 'ya'yansa bakwai.

To, ku riƙe wannan, ga abin da shi kuma yake so. A doguwar barandar ofis akwai bango guda da ake jera hotunan duk waɗanda suka yi ritaya suna kan kujerar babban akawu. Su biyar ne, duk sun murtuke fuska. Ba a rataye hoton ƙaramin akawu a wurin, ko da ya shekara hamsin. Tun saura wata shida ya yi ritaya Jan Biro ya je ya ɗauki nasa hoton, da kwat da biro ukun, aka sa masa gilashi da katako mai ruwan zinari, ya fi na sauran girma da kamu guda. Ya sa kafinta ya buga ƙusa a gurbi na shida. Kullum da safe in zai wuce sai ya tsaya ya ɗan taɓa ƙusar, ya ji ko tana nan daram. Ba shi da aboki a kamfanin, 'ya'yansa ma an ce in ya shigo falo ficewa suke yi. Wannan ƙusa ita ce danginsa.

Yadda asirinsa ya tonu kuwa, tururuwa ce. Yana ɓoye biskit a aljihun tebur na ƙasa don kada ya ba kowa, tururuwa ta yi masa layi har kan kafet. Ya ce in fesa magani kafin ya dawo daga taro. Na zaro aljihun gaba ɗaya, sai ga ambulan shida a can ƙarshe, masu hatimin hedikwata, gefensu har ya yi ja don daɗewa. Turanci ya fi ƙarfina, amma suna ai suna ne. Na ga na Tafireta. Na ga na direban nan.

Ni dai ban ce komai ba. Lokacin an kawo mana sabuwar manaja, yarinya ce a idona, amma ba ta da wasa. Da na kai mata shayin sha ɗaya sai ambulan shidan suka bi ni a ƙarƙashin faranti.

"Mama, mene ne wannan?"

"Ni ma tururuwa ce ta nuna mini, ranki ya daɗe."

Ashe takardun ƙarin girma ne na mutum shida. Shekara uku suna kwance tare da biskit. Da aka tambaye shi dalili, ko kunya babu, ya ce ɗagawa tana lalata ƙaramin ma'aikaci. Gaskiyar maganar ita ce da Tafireta ta karɓi tata, da mataki ɗaya ne kawai zai rage tsakaninsu, shi kuma ba zai iya shan shayi a duniyar da haka ta faru ba.

Hedikwata ta yi ta jan ƙafa kamar yadda ta saba. Da hukunci ya iso, saura kwana tara na aiki ya yi ritaya. An sauke shi mataki biyu, ya koma ƙaramin akawu. Manaja ta rubuta takarda, Tafireta ta buga, aka liƙe, aka ba Masinja da littafinsa.

Kafin Masinja ya tako matakala, Jan Biro ya riga ya yi lissafinsa. In ƙarfe huɗun ranar ƙarshe ta buga bai sa hannu ba, a babban akawu zai fita, hoto ya hau bango. Dokarsa ce, ya fi kowa sanin ramukanta.

Masinjan namu tsoho ne sa'ana, gwiwarsa ɗaya ta daina lanƙwasuwa tun tuni. Shi aka haɗa tsere da mutumin da a da matakala uku ke sa shi haki. Ranar farko Jan Biro ya kulle ofis ta ciki, ya ce yana aikin sirri. Rana ta biyu ya zo da hannun dama a naɗe da bandeji har gwiwar hannu.

"Yallaɓai, sannu. Ai ko ɗan yatsan hagu ka dangwala ya isa, ga tawada na zo da ita."

"Ni za ka ba tawada? Ni? Ka ga na yi kama da wanda bai iya rubutu ba?"

"To ka rubuta, Yallaɓai."

"Ba ka ga hannuna ba ne?"

Ba zai iya zama a gida ba, don wata dokar tasa ta ce wanda ya yi fashin kwana uku ya kori kansa. Saboda haka tun shida da rabi yake zuwa, ya kwance bandejin, ya sa hannu a rajistar zuwa aiki, ya mayar da bandeji. Ina tsaye da tsintsiya ina kallonsa. Ko kallona ba ya yi, ai buta ce ni. Rana ta huɗu Masinja ya yi dabara, ya zo da wuri ya shimfiɗa littafinsa a kan rajistar. Jan Biro ya sunkuya, biro har ya kusa taɓa takarda, sai ya tsaya ya shinshina kamar ɓera a bakin tarko. Ya ɗaga littafin da yatsa biyu ya yar a ƙasa.

Daga nan ya koma ɓuya. Ya yi wuni guda a banɗakin manya. Na ƙwanƙwasa na ce, "Ranka ya daɗe, in miƙo shayin nan ciki ne?" Cikinsa ne ya amsa mini da ƙara. Rana ta bakwai aka neme shi ƙasa da sama aka rasa, sai mai sito ya zo yana riƙe da ciki don dariya. Wai yana can bayan sito, ya shige tsakanin buhunan fasasshen sabulu, ya zauna a kan guda yana karanta jarida. Da yamma ya fito yana atishawa, garin sabulu fari fat a kafaɗar kwat, yana tafiyar nan tasa ta taimakon ƙasa. Leburori suka jeru suna gaishe shi. "Sannu da hutawa, Yallaɓai. Ƙamshi kake yi yau."

Dariya dai ana yi, amma kwana yana tafiya. Ranar ƙarshe da safe na shiga ɗakin Tafireta na tarar ba ta taɓa shayin jiya ba, ya yi fata a kofi. Masinja yana zaune a benci ya miƙe ƙafar nan yana matsa ta.

"Yaya, na gaji," ya ce mini. "Mutumin nan ya cinye mu. Ƙarfe huɗu za a taru a baranda a rataye hotonsa a tafa masa, ni kuma in tsaya da littafi kamar dolo."

Tafireta ta ce, "Inna, shekara uku. Kullum ina tsaye a gabansa yana karanta mini littafin nan, ashe takardata tana ƙarƙashin gwiwarsa. Yanzu kuma kullum in zan shiga ofis sai na wuce ta ƙarƙashin fuskarsa, har in yi ritaya."

Na zauna a bakin tebur, abin da ba na yi. "'Yar nan, wace kalma kika buga masa a takardar?"

"Wadda ake yi wa ma'aikaci mana. Dimot."

"Shi ya sa. Kin ba shi abin da ba zai gyara ba. Sake bugawa. Sa masa ta sabulu."

Ta dube ni, Masinja ya dube ni. Shi ya fara ganewa, ya toshe baki da hula.

Tafireta ta sake bugawa, muka ɗunguma wurin Manaja. Ta saurare ni har na gama, tana juya cokali a kofi.

"Mama, ai wannan kalmar ba kuskure ba ce. Ana yi wa muƙami ita, ana yi wa mutum. Shi ne dai ya kafa tasa dokar."

"To ai ya fi daɗi, ranki ya daɗe. Ba ki rubuta ƙarya ba ke nan."

"Kuma ba za a liƙe a ambulan ba?"

"Wa ya ce dole sai a ambulan? Allon sanarwa yana nan ƙasan ƙusarsa."

Ta buɗe littafin ƙa'idoji ta duba, ta sake dubawa. Babu inda aka ce ambulan. Ta jawo sabuwar takardar ta sa hannu, ta buga hatimi. "Ni ban ji komai ba," ta ce. "Sukarin yau ya yi yawa, Mama."

Ƙarfe uku Masinja ya manna takardar a allo da ƙusoshi huɗu, daidai ƙarƙashin gurbi na shida. Sannan ya ɗauki littafinsa ya ajiye a kan teburin mai gadi, can bakin ƙofa, inda kowa zai ga ya ajiye, ya dawo hannu biyu a sake ya zauna. Kafin uku da kwata duk kamfanin ya karanta. Wanda bai iya ba an karanta masa. Kowa ya sha karatun Jan Biro, kowa ya san ta wace ce wannan kalma. Sai ka ji daga wajen injuna an ɗaga murya, "A kawo buhu!"

Uku da rabi ya fito daga inda ya ɓuya. Ya leƙa ya ga littafi yana can nesa, Masinja na gyangyaɗi, sai ya saki jiki. Ya cire bandeji, ya rungumo hotonsa a ƙirji, ya nufo baranda yana murmushi, irin na wanda ya gama cin kowa. Mutane suka dare masa hanya. Ya jingine hoton a bango, ya ɗaga kai zai duba ƙusarsa, idonsa ya sauka a kan allo.

Na ga wuyansa ya kumbura. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Hannunsa ya tashi ya nufi aljihu, ya kama shi da ɗaya hannun ya mayar. Ya juya wa allon baya.

"Ban ga komai ba," ya ce da ƙarfi. "Ba a ba ni komai ba. Ƙarfe nawa?"

"Saura minti ashirin da biyar, Yallaɓai," in ji wani.

Gumi ya fara tsattsafo masa. Ya tsaya ƙiƙam yana kallon agogon bango, takardar tana bayan ƙeyarsa. Da na bar shi, wallahi da ya kai. Sai na ɗauko tire na matso, na kashe murya, na yi fuskar neman ilimi.

"Ranka ya daɗe, ga shayinka na sallama. Don Allah in yi tambaya, ka san ni jahila ce. Wannan kalmar da ke allo, ba ita ce ka ce ta fasasshen sabulu ba?"

Ya ƙara kafe agogon da ido. Na ci gaba.

"Na ce ko na manta ne. Don Manaja ta ce wai ana yi wa mutum ita, daidai ne. Ita kuwa ka ga har ƙasar waje ta yi karatu."

"Ƙasar waje," ya ce ta cikin haƙora.

"Shi ne na ce, oh, ashe shekara ashirin da shida kuskure Yallaɓai yake koya mana. Ba komai, ranka ya daɗe, kowa yana kuskure. Sai dai littafin nan naka, in ka tafi ka bar mini shi, ina neman abin kunna risho."

Wani ya tuntsire da dariya a baya. Tafireta ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, "Ni ma da na buga sai na ga ta zauna daidai."

Abin da ya biyo baya bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Ya juya, jan biro ya riga ya fito.

"Jahilci! Jahilcin banza! Mutum ne ni ko sabulu?" Ya ja layi a kan kalmar har takarda ta kusa yagewa. "Dimot! Dimot ake cewa! An yi dimot ɗina!" Ya rubuta ta a sama da manyan baƙaƙe, yana faɗa yana rubutawa. Sannan hannun ya gangara gefe, kamar yadda ya saba gangarawa shekara talatin, ya yi 'yar murɗiyar nan tasa mai jela. Ya sa kwanan wata. Har ya ɗiga aya.

Sai da ya mayar da murfin biro sannan ya ga abin da ya yi.

Ban taɓa sanin Masinja yana da sauri ba sai ranar. Kafin Jan Biro ya miƙa hannu, tsohon nan ya cire ƙusoshi huɗu, takarda tana cikin rigarsa.

"Gyara ne!" Jan Biro ya yi ƙara. "Gyara na yi! Ban karɓa ba!"

Daga can cikin taron aka amsa masa. Direban nan ne, da soso a hannu, ruwan wankin mota na ɗiga daga gwiwar hannunsa.

"Sa hannu sa hannu ne, malam."

Malam ya ce, ba Yallaɓai ba. Saura minti goma sha takwas.

Manaja ta fito ta karɓi takardar, ta duba sa hannun, ta duba agogo, ta rubuta lokacin a ƙasa. Mai sito kuwa, shi ma da tasa ƙa'idar, ya shiga ofis ya turo kujerar nan mai hannu mai juyawa ya mayar sito, ya kawo ta katako marar hannu, wai ƙaramin akawu ba ya zama a waccan. Ba wanda ya zauna a kanta. Minti goma sha biyar ɗin da suka rage a tsaye ya yi su, yana rungume da hoto, fuskar hoton na kallon tumbinsa.

An yi taron sallama, don an riga an sayo lemo. Manaja ta yi jawabi gajere, ta gode wa ƙaramin akawu bisa dogon aiki. Aka tafa, tafi mai ƙarfi ƙwarai, ban taɓa jin irinsa a kamfanin ba. Da zai fita na bi shi da kofinsa har bakin ƙofa, na ce bai sha shayinsa ba. Ya dube ni. Ina jin ranar ce ya fara ganin fuskata.

Ya manta baƙin littafin a aljihun tebur, tare da rabin biskit. Ban kunna risho da shi ba, takardarsa ba ta ci da kyau. Ƙafar teburin shayina ɗaya ta gaza, na tura shi ƙarƙashi, ya zauna daidai.

Ƙusar tana nan. Kafinta ya zo zai cire na ce ya bar ta, ƙusa ce mai kyau, an buga ta da kulawa. A nan nake rataye tsumman goge tebur in na wanke, kusa da dattawan nan biyar masu murtukakkiyar fuska. Wurin yana samun iska, da wuri yake bushewa.